Keken da Lasifika Ta Roƙa

"Ƙara min hoda a nan," in ji Lasifika, tana nuna ƙarƙashin idonta. "Kar su ga ramin."

Mai kitso ta ajiye wayar ta ɗauko hodar. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma ita ke riƙe waya duk lokacin da Lasifika za ta yi wa ƙungiyar matan unguwa bidiyon neman taimako. Muryarta ce ta jawo mata sunan. A da, in ta yi magana a tsakar gidanta, har mai shagon bakin titi sai ya amsa. Yanzu kuwa sai an kai kunne.

"Yaya, don Allah ki bari in faɗa wa mutane. Likita ya ce aikin tiyatar nan ba ya jira. In na sa hotonki yau, wallahi kafin gobe an haɗa."

"Keken fa?" in ji Lasifika.

Keke mai ƙafa uku suke roƙo, na kai masu naƙuda asibiti, tun da matar mai faci ta rasu a bakin titi ana neman abin hawa. Kuma Lasifika da bakinta ta kafa dokar ƙungiyar: ba a buɗe roƙo sai an rufe na gabansa.

"Suna ganina a haka za su watsar da keken su dawo kaina, na san halinsu," in ji ta. "A gama wannan, sai in bi layi. Ɗaga wayar, malama, kin tsaya kina min kallon gawa."

Mai kitso ta tokare ta da matashi, ta gyara mata ɗankwali, ta saita wayar daga wuya zuwa sama. Sai ga tsohuwar muryar ta dawo, da tsokana da komai, har tana yi wa mazan unguwa gorin rowa. Ana kashe wayar ta zame kan katifa tana haki.

Saƙonni suka yi ta shigowa. "Shugaba, kin yi fes!" Wata har da cewa a ba su sirrin wannan ramar. Mai kitso ta ji kamar ta buga wayar da ƙasa. Ta sha rubuta gaskiyar magana tana gogewa. Haushin Lasifika take ji, haushi sosai, amma ta kasa saɓa mata.

Ranar da kuɗin keken suka cika, ta shiga ɗakin da gudu, ko takalmi ba ta cire ba.

Lasifika ta lumshe ido. "Alhamdu lillahi. To gobe ki sa nawa. Amma ki zaɓi hoto mai kyau, kar ki kunyata ni."

Ta zaɓi mai kyau ɗin, wanda take dariya har da wushirya. Washegari da hantsi ta sa shi, sai dai sanarwar rasuwa ta rubuta a ƙarƙashinsa.

Ba a gama zaman makoki ba aka kawo keken. Direban ya rasa inda zai ajiye shi, sai ya kashe shi a ƙofar gidan, kusa da tarin takalman masu gaisuwa. Mai kitso ta fito ta tsaya. Ko ledar kujerun ba a cire ba. Ta shiga baya ta zauna, ta matsa gefe ɗaya, ta bar wurin mutum guda.