Riga Ta Dawo, Lawali Bai Dawo Ba

Hammanjoda, shugaban mafarautan Digil, shi ya kashe Zulaiha. Na faɗa a gaban idonsa ranar da ya zo gaisuwar mutuwarta, na tare ƙofar zaure.

"Ba za ka shiga ba."

"Goggo, ciwo ne ya kashe ta. Kowa ya sani."

"Wa ya sa mata ciwon?"

Katanga ce kawai tsakanina da Zulaiha. Ɗanta ɗaya, Lawali, shi ke kai mata gyaɗa kasuwar Mubi. Shekarar da 'yan ta'adda suka ci garin, mafarauta suka tashi ƙwato shi. Sun yi aikin maza, ban musa ba. Amma Hammanjoda na da wata rigar layu, wai harsashi ba ya huda ta, in dai yaron da bai balaga ba ne ya sa. Sai yaron ya shige gaba, manya na bin bayansa. Lawali Hammanjoda ya zaɓa. Rigar har gwiwarsa.

Da suka dawo ta hanyar Mayo Bani, rigar na rataye a kafaɗar Hammanjoda, da hujin harsashi a jikinta. Sun tsaya tuɓe riga, ba su tsaya ɗauko yaro ba.

Zulaiha ba ta yi kururuwa ba. Tana ɓarar gyaɗarta tana ramewa. Ranar Laraba na kai mata kunu, ta riƙe hannuna.

"Yaya, in Hammanjoda ya gaya miki inda suka bar Lawali, ki je ki ɗora dutse, ko ɗaya ne."

Kunun bai huce ba ta cika.

Shi ya sa na tsaya masa a ƙofa.

"Goggo, yaƙi ne," ya ce. "Da ba mu fita ba, da ke ma ba kya nan."

"Kai ma kana da yara maza. Rigar ba ta shige su ba ne?"

Na ci gaba, masu zaman makoki na ji.

"An ɗinke hujin, na gani. Jiya Bakari ɗan maƙwabcinka ke gwada ta a ƙofar gidanka. Ta sake hawa jikin yaro, wallahi da hannuna zan cusa ta a wuta."

Ya juya ya tafi.

Daga murhun Zulaiha na ciro dutsen, da baƙinsa. Yana nan a bakin ƙofata. Jira nake Hammanjoda ya zo ya shige gaba, yadda ya sa yaron ya shige, ya nuna mini wurin.