Yatsuna Sun Ƙi, Gwiwata Ta Yarda

Shekarata goma sha huɗu na shiga gidan rawar Malama Rachana a garinmu Battambang, zabgegiya da ni a cikin 'yan shekara biyar-shida. Kowace na zaune a tabarma tana tanƙwara yatsunta baya har su kusa taɓa tsintsiyar hannu. Ƙanwata Sreypich na cikinsu. Yarinyar da na goya, wai ita ke gyara mini zama.

Abu ɗaya nake so a duniya, in hau dandamalin haikalin unguwarmu ranar bikin sabuwar shekara. Malama kuwa ta ce wadda yatsunta ba su kwanta baya ba sai dai ta riƙe wa masu rawa kaya. Nawa sun tsaya ƙiƙam kamar haƙoran mataji.

Kullum da safe akan tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin a tanƙwara. Ni da gaggawata na ce abin da ɗumi ke yi a shekara, zafi zai yi shi a mako. Na jiƙa hannu a ruwan da ya kusa tafasa, na sa Sreypich ta danne yatsuna da gwiwarta. Kashegari gaɓoɓin suka kumbura suntum, ko tsinken cin taliya na kasa riƙewa. Na yi kuka har na gode Allah, kukan haushi zalla.

Innarmu taliya da romon ƙashin shanu take sayarwa a bakin kasuwa, kuma ba ta iya rarrashi ba. Ta zaro ƙashin gwiwa biyu daga kwano, na maraƙi da na sa, ta ce in danna farcena a kan kowane. Guringuntsin maraƙin mai kauri ne, lumbu-lumbu, farce na shiga. Guringuntsin san kuwa siriri ne, sumul, ya ƙi ko motsi.

"Wannan ƙanwarki ce, wannan ke ce," in ji ta. "Na maraƙi yana lanƙwasuwa, amma ɗora masa buhu biyu ki sha kallo. Sa kuwa ya bar wasa, shi ke jan garma. Girma kika yi, 'yar nan, ba lalacewa ba."

Na ce ai sa ba ya rawa. Ta ce to sa ya zo ya wanke kwanuka.

Ranar Alhamis Malama ta zo cin taliya, ta tarar ina ɗaga tukunyar romo daga tsugune ba tare da na dafa komai ba. Ta ƙura mini ido. Sai ta ce in buɗe ƙafafu, in rage tsawo, in tsaya haka har ta gama kwanonta. Tsohuwar nan da gangan ta dinga ci kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta nemi lemun tsami, ta nemi barkono, ta tambayi Inna lafiyar dangi ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama, ta ce a ƙaro. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, amma ban motsa ba.

"Shekara uku ina neman wadda za ta fito a dodo a rawarmu," ta ce wa Inna. "'Yan mitsi-mitsin nan, kafin kiɗa ya kai rabi gwiwarsu ta fara kakkarwa. Ki ba ni ita. Dodo kulki yake riƙewa, ba sai yatsunsa sun kwanta baya ba. Yatsun kuma mu bi su a hankali, abin da suka bayar mu karɓa."

Wata huɗu na yi ina buga ƙafa a gidanta har maƙwabta suka fara ƙorafi.

Ranar biki da la'asar aka ɗaura mini koriyar fuskar dodo mai haure. Sreypich ce 'yar sarkin da zan sace, yatsunta sun kwanta baya gwanin sha'awa. Na fito, na rage tsawo, na doka ƙafa ɗaya, yaran da ke gaba suka watse da ihu. Ba wanda ya san wace ce a cikin fuskar, sai na jiyo muryar Inna a cikin taro tana gaya wa maƙwabciyarta, "Tawa ce wannan. Dubi gwiwar."

Daɗi ya kashe ni. Ina dariya ina hawaye a cikin fuskar, ba mai gani. Da kiɗa ya juya, na sunkuya na ɗauki 'yar sarki cak. Ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Yaya, kada ki yar da ni."

"Yaushe na taɓa?" na ce.