Tukwicin da Ladan Ya Ƙi Karɓa

Ranar da Ladan ya fara aiki, wuni ya yi yana zagayawa da 'yan yawon buɗe ido a Washington, waɗanda jirgin ruwa ya sauke a Baltimore. Abdul-Latif, mutumin Kumasi da ya samo masa aikin, ya riga ya ja masa kunne: "Mutumina, albashin nan ba ya kai ko'ina. In an miƙo tukwici, cafke!"

Ladan kuwa ya yi wa 'yarsa Tayyiba alkawarin tabarau, don ba ta ganin allo a aji.

Da ya mayar da 'yan yawon tashar jirgi, wani dattijo ya miƙo masa dala hamsin. Sai bakin Ladan ya riga shi, yadda aka rene shi a Zariya: "A'a, haba, bar shi kawai."

Ya tsaya jiran a matsa masa. Dattijon ya yi murmushi, ya mayar da kuɗinsa aljihu. Na baya da suka ji, kowa ya mayar da nasa, suna yaba kirkinsa.

Yana kallo suka shige jirgi ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta hana shi ya bi su ya ce ya fasa.