Mitar Ƙafar Hagu

Tun ranar da Mahir ya ɗaura wa kekensa mita, zama kusa da shi ya zama aiki a ƙungiyar masu tseren keke ta Lafiya. Wata 'yar na'ura ce a jikin fedar hagu, kwancen Turai, mai auna ƙarfin da ƙafa ke dannawa ta aika da lambar zuwa ɗan allon da ke kan keken. Wat ake kiran lambar. Da can Mahir saurayi ne mai daɗin hira. Yanzu kuwa ko gajiya ka yi masa, da wat zai amsa maka.

Ƙungiyar za ta tura mutum ɗaya tak tseren da za a yi a Jos, kuma Koci Vincent ya ce shi ba zai zaɓa da baki ba. Za a tashi daga Lafiya a je Doma a juyo, wanda ya fara dawowa shi ne mai tafiya. Kowa ya san maganar tsakanin mutum biyu take: Mahir na unguwar Akurba, da Terver, wani dogon ɗan Tibi da ba ya iya minti guda bai tsokani wani ba. Mahir yana son tafiyar nan kamar ransa. Har ya gama ganin kansa a kan duwatsun Jos, sanyi na dukan fuskarsa, ana kiran sunansa a lasifika.

A farkon damina wani ɗan acaba ya goge shi a shataletale, ya faɗi a kan gwiwar dama. Ciwon ya warke, sai ɗan tsami da ke taso masa in ya durƙusa a salla. Da ya koma atisaye, ba tare da ya lura ba ya riƙa lallaɓa damar, yana jibga wa hagun aikin. Ita kuwa mitar hagun kaɗai take aunawa, sai ta ninka biyu ta ce ga ƙarfin mutum. Mahir ya san haka sarai. Shi da bakinsa ya yi wa mutane wannan bayanin ranar da ya sayo ta, har da ɗaga yatsa. Amma da lambar ta tashi daga ɗari biyu da sittin ta doshi ɗari uku, sai ilimin ya bi iska. Bai tsaya ya tambayi kansa ba me ya sa har yanzu tare da mutanen jiya yake isa kan hawa, da irin hakin jiya. Iska ce, in ji shi. Ko taya.

Zulfa, yarinyar da yake nema, ita ta fi kowa shan wahala. Ya zo zance da la'asar, ta sa turarenta mai sanyi, ta kawo masa zoɓo, shi kuwa ya zaro waya ya buɗe mata zane mai hawa da sauka.

"Kin ga nan? Wata uku ke nan, ƙarin wat arba'in. Turawa sai su shekara ba su samu haka ba."

"Ma sha Allah," ta ce. "To Malam Mahir, wat ɗin ne ke sa ka ɗingishi? Tun daga bakin layi na hango ka kana jan ƙafa."

"Ke ba za ki gane ba. Kimiyya ce."

"Haka ne fa. Sha zoɓonka kafin kimiyyar ta huce."

Ranar gwaji gari ya waye da luf-luf, gonakin doya a gefen hanya sun yi kore shar. Terver ya gangaro kusa da shi a wurin tashi, ya leƙa allon.

"Oga Wat! Wannan talabijin naka, shi ne zai tuƙa keke yau? Abeg, in ka gaji ka sa mana fim."

"Ka yi dariyarka yanzu," Mahir ya ce, yana gyara hular kwano. "Ni da lissafi nake tafiya."

Har Doma a dunƙule aka je. Da aka juyo, a hawan farko, Terver ya miƙe tsaye a kan feda ya fizgi keke. Mahir ya bi shi, ya manne a bayan tayarsa, sauran suka zube. Numfashinsa na nan daram, ƙirjinsa bai fara zafi ba, jikinsa duk yana ce masa a je. Sai ya saukar da ido kan allo. Ɗari uku da saba'in.

Nan take ya yi lissafinsa. Idan shi da ke fake a baya, Terver na tare masa iska, yana ba da ɗari uku da saba'in, to wancan mahaukacin na gaba ya haura ɗari huɗu, kuma babu ɗan Adam a faɗin Nasarawa da zai riƙe wannan har Lafiya. Zai fashe. Mai hankali sai ya koma kan ɗari ukunsa, ya tsince shi a hanya kamar mangwaron da ya faɗo. Mahir ya sassauta ƙafa da gangan, har da murmushin tausayi.

Terver ya waiwayo. "Ah ah, Oga, NEPA sun ɗauke?"

Mahir ya mai da ido kan allo. Ya bar shi ya tafi.

Jar rigar Terver ta yi ta ƙanƙancewa har wata kwana ta haɗiye ta. Mahir ya kafa wa allo ido, ɗari uku cif, kamar mai gadin tukunya. Kowace inuwar bishiya ya hango sai ya ce ga shi can ya zube. Ya tarar da mata masu tallar gyaɗa, ya tarar da tirela ta lalace, ya tarar da awaki. Da rufin gidajen Lafiya suka fara bayyana, sai ya gane Terver ba zai fashe ba. Ya manta da lissafi ya taka da duk abin da Allah ya ba shi, amma hanyar ta riga ta ƙare.

Ya iske Terver zaune a kan kwalbati, ya cire takalma, yana shan lemon zaƙi. Zulfa na tsaye cikin 'yan kallo da mayafinta ruwan hoda, ta yi masa sannu da ido kawai.

Mahir ya nufi Koci Vincent bai ko sauka ba. "Koci, duba nan. Wallahi ban taɓa yin lamba irin ta yau ba."

"Congrats," Koci ya ce, bai kalli allon ba. "Sauka ka sha ruwa."

Yana sa ƙafa a ƙasa cinyar hagu ta ɗaure tamau. Ya yi ƙara ya zube a gefen titi, keken ya bi shi. Terver ya yar da ɓawon lemo ya taso da gudu, ya kama ƙafar ya miƙar, yana danna tafin.

"Kai! Wannan ya zama dutse." Ya kai hannu ya matsa cinyar dama, ya ji ta laƙwas. Ya sake matsawa. "To wannan fa? Wannan bai je Doma ba, Oga. A gida ka bar shi?"

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Mahir bai yi ba. Yana kwance rigingine, tsakuwa na sukar bayansa, yana jin ƙafar damar sakayau, da sauran ƙarfin da zai kai ta Doma ta dawo. Ya buɗe baki zai ce laifin batirin mitar ne, ya rufe.

Can sama da kansa ya ji Koci Vincent yana ce wa Terver ya nemi rigar sanyi mai kauri kafin Juma'a, don Jos ba Lafiya ba ce.