Zahra Ba Ta Ƙiftawa

...to, ga sararin samaniya kacokan an ajiye a gabana. Girmansa bai wuce bahon wanki ba, kuma warin maganin goge tebur yake.

Haɓa a kan ƙarfe, goshi a jikin na'urar gwajin ido. Idon dama an rufe da auduga — asarar auduga, wannan ya daɗe da yin ritaya. Saura na hagu. Nas ta ce, "Baba, kafa ido kan ɗigon tsakiya. Duk hasken da ya ƙifta a gefe, ka danna." Likita ya ce in yana ganin gefe akwai abin ceto, sai a yi aiki. In ba ya gani... sai ya hau gyara biro a aljihu.

Ɗigon tsakiya tsaye cak. Zahra ke nan, matar wata. Ba ta ƙiftawa — aji nawa na gaya wa? Tauraro can nesa yake, haskensa tsinin allura, iska mai zafi da mai sanyi su yi ta wasa da shi, ya ƙifta. Zahra kuwa duniya ce, maƙwabciya, tana da faɗi. Gefe guda ya karkace, ɗayan ya cike. Ɗalibai su rubuta, su manta.

Ke ma, matata, kin sha wannan lacca, kina kwashe shanya da magariba. "Malam, sau nawa za ka yi tuntuɓe da bokitin nan? Je ka a duba idon." Na ce bokitin ne ba shi da mazauni. Ƙananan taurari suka fara ɓacewa, na ce fitilun titi ne. Hayaƙin motoci. Har zane na yi miki a ƙasa... Jahili da tuni ya je asibiti. Ni ina da bayani.

Ai ina ganin Zahra, ras — wa ya gaya min tsakiya ce ke mutuwa a ƙarshe? Ba ya cikin manhaja.

Kin tafi kin bar ni da gaskiyarki. Autarmu na waje kan benci, ta fara riƙe ni a matakala irin riƙon da ake wa ƙwai. Kallonta nake, sai in zaɓa: ido ko baki...

Yatsa kan maɓalli. Su kunna mana! Wataƙila wuta ce ta yi ƙasa, irin waɗannan na'urori sai sun ɗau zafi kafin —

Hannun nas a kafaɗata.

"Baba, ɗago. An gama."

Ban danna ko sau ɗaya ba.