Layi Goma Sha Ɗaya na Kawu

Saura minti ashirin a rufe karɓar gyare-gyare da rana tsaka, allon Auta ya sake fito da jan rubutu: "Gargaɗi: ba a amfani da waɗannan layukan."

Mai Mita ce ta yi magana. Haka 'yan ofishin ke kiran manhajar da ke harhaɗa rubutunsu ya zama abin da inji zai gane. Su kuwa can cikin zuciyar manhajar da ke tuƙa kwamfuta suke aiki, kuma Manaja ya rantse ba zai karɓi gyara mai gargaɗi ko ɗaya ba. Gyaran Auta na farko ke nan. In lokacin ya wuce ta, sai bayan wata uku.

"Goge su zan yi," in ji Auta. "Layi goma sha ɗaya, ba mai kiransu."

Kawu ya juyo da kujerarsa. Shi ne tsohon ofishin, wanda durowarsa ke cike da cajar wayoyin da aka daina ƙerawa.

"'Yar nan, kina rarrafe na rubuta su."

"Shi ya sa suke warin durowarka, Kawu."

"A injinki ne ba a kiransu. Tsofaffin injinan asibiti da su suke tashi."

"To ai Mai Mita ta ce..."

"Ita abin da ke gabanta kawai take gani. Ke da ita duk ɗaya."

Auta ta goge su don ta kunyata shi, ta harhaɗa rubutun don irin tsohon injin asibitin. Allo ya yi ja tun daga sama har ƙasa. Ta maido su. Saura minti bakwai.

"In toshe wa Mai Mita baki gaba ɗaya?" in ji Auta.

"Ranar da za ta faɗi gaskiya fa? Ɗora wa layukan alama kawai: mai yiwuwa ba a amfani da su. Ta san kin gani, sai ta ƙyale ki."

Ta ɗora. Mai Mita ta yi tsit. Gyara ya shiga saura minti biyu.

Can sai ga Manaja, ya tsaya kan durowar Kawu yana yatsina.

"Tarkacen nan bola za su yau. Wa ke amfani da su?"

Kawu ya dafe durowarsa. Auta ta yago takarda, ta yi rubutu, ta manna a jikin durowar: "Mai yiwuwa ba a amfani da su."

Manaja ya karanta sau biyu. Shi ma ya yi tsit, ya wuce.