Hanyar da Masara Ta Cinye

Dominic direba ya taka birki, doguwar motar ta yi ƙugi ta tsaya, karaban ɗin da ke ɗaure a bayanta ya yi girgiza. Ya leƙa ta taga, sannan ya juyo ga Malama Zubaida da ke zaune kusa da shi.

"Hajiya, ina hanyan?"

Hanya kam babu. Inda Zubaida ta saba bi zuwa gonarta a bayan Zungur, masara ce tsaye dama da hagu, kore shar, har kafaɗa. Abin da ya rage wata siririyar turba ce, wadda ko akuya mai ciki sai ta karkace kafin ta wuce.

Haushi ya turnuƙe ta, domin in akwai wanda ya yi bincike kafin ya sayi abu a garin Bauchi, to ita ce. Da ta ji wani kamfanin gyaran titi zai sayar da ɗakunan ƙarfen da injiniyoyinsa ke kwana ciki, waɗanda ake kira karaban, sau huɗu tana zuwa dubawa. Ta tattaka daɓen ko ya ruɓe. Ta sa an hau an sheƙa bokiti uku na ruwa a kan rufin, ita tana ciki tana neman ɗigo. Ta zauna a ciki da tsakar rana, ƙofa a rufe, don ta ji iyakar zafinsa. Ta karɓi takarda mai hatimi, kada gobe wani ya ce na sata ne. Hanyar gonar ma da ƙafarta ta auna, faɗinta taki tara cif. Sai dai a watan Maris ta auna, ga shi yanzu Agusta. 'Yar birni ce gaba da baya, bana ta sayi gonar, kuma ba wanda ya gaya mata cewa a nan hanyar mota ta rani ce. Ruwa na sauka kowa ke shuka har bakin turba, sai an yi girbi a sake buɗewa.

Ba wani abin a zo a gani take nema ba. Shekara talatin da biyar tana karɓar haihuwa a asibiti, ta yi ritaya, maigidanta ya rasu, ta koma gidansu na gado a Ƙofar Ran. Can ɗakinta ya zama tasha: mai neman magani, mai aron tukunya, mai ajiyar jariri, mai kawo ƙarar miji. So take ta sami wurin da daga Juma'a zuwa Lahadi za ta kwanta ta tashi ba wanda ya ɗaga mata labule.

Wata ƙaramar mota ta tsaya a bayansu. Yayanta Alhaji Hafizu ya fito yana gyara hula, fuskarsa ɗauke da irin tausayin nan da bai kai zuci ba. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

"Kin gani ko, Zubaida? Allah ma bai nufa ba. Mace da shekarunki, ki kwana a daji cikin akwati kamar kayan gwanjo? A juya da shi gida. Ga fili nan a ƙofar gida, sai in zuba simintina a ciki kafin a ga abin da hali zai yi."

Zubaida ta san "kafin a ga abin da hali zai yi" na gidansu. Haka firjinta ya tafi, haka keken ɗinkinta. Abin da ya shiga Ƙofar Ran ya shiga ke nan.

"Ba ya komawa, Yaya."

"To ki ɗauke shi a ka."

Suna cikin haka wata mata ta ɓullo daga cikin masarar, fartanya a kafaɗa, ɗankwali ɗaure tam. Ta ce sunanta Roda, gonar nan tata ce. Ta ƙare wa tayoyin motar kallo, ta zo ta tsaya a bakin turbar, ƙafafu a ware.

Dominic ya rage murya. "Hajiya, in ka ce in shiga, zan shiga. Layi shida kawai zai taka. Bayan nan ku shirya da shi."

Zubaida ta sauko. Ba ƙarya, zuciyarta ta raya mata ta ce ya shiga. Ga gonarta can, tana hango kan ɗorawar da ta yi niyyar ajiye ɗakin a ƙarƙashinta. Sai ta dubi masarar, ta yi goyo, gemu ya fara fitowa. Ta dubi hannuwan Roda, duk sun yi kanta.

"Baiwar Allah, yaushe za ki cire ta?"

"Ƙarshen watan gobe, in Allah ya yarda. Amma Hajiya, kada in ruɗe ki. Bayan tawa akwai dawar maƙwabciyata Matta. Ita sai Disamba."

Alhaji Hafizu ya yi dariya har da tafa hannu. "Disamba! Malam direba, juya kawai."

"Dominic," in ji Zubaida, ko kallon yayan nata ba ta yi ba, "ni na ɗauko ka ko shi?"

"Kai ne, Hajiya."

"To masarar nan ko ganye ɗaya ba za a taka ba. Bauchi kuma ba za a koma ba."

Roda ta sauke fartanyarta a hankali. Ta ɗan jima tana duban wannan baƙuwa mai taurin kai, sannan ta nuna wani fako da ke gefen titi, dutse ne shimfiɗe, ko ciyawa ba ta fito a kai ba.

"Wancan ma cikin nawa yake. Ba ya ba ni komai. In ba ki raina ba, ajiye kayanki har a yi girbi. Ga gidana can, karena zai yi gadi."

"A bakin titi?" Muryar Alhaji ta tashi. "Kamar mai sayar da katin waya? Zubaida, me za a ce a unguwa?"

"Duk abin da aka ce, Yaya, ka ajiye mini. Ran Litinin zan zo in ji."

Ƙugiyar motar ta ɗaga karaban ɗin sama, sarƙoƙi na kuka, ya tsaya yana lilo a kan fakon. Dominic ya leƙo daga wurin tuƙi, hannunsa a kan ƙarfen juyawa.

"Hajiya, ƙofan ina zai duba? Titi?"

Zubaida ta dubi titin da ya miƙe zuwa gari, ta dubi yayanta tsaye a kai yana huci.

"Juya shi," ta ce. "Ya ba Bauchi baya."